Mai Faranti Na Arba'in da Ɗaya

"Duk duniyar nan," in ji Kwalba, yana dukan tumbinsa da jiƙaƙƙen hannu, "babu mai irin cikina. Ku je gabas, ku je yamma, ku tambaya. Abin da ke cikin nan ko masu dogon karatu ba su taɓa ganin irinsa ba."

Dogo bai ɗago daga kwamfuta ba. "Mun ji, Baba Kwalba. Jiya ma mun ji. A wanke mana kwalaben dai."

"Za a wanke. Amma ka fara koyon yi mini magana da ladabi. Nan da wata biyu sunana zai shiga littafi. Naka kuwa ko a jikin ƙofar ofis babu shi."

Shekara goma sha shida Kwalba ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin binciken nan, har sunansa na gaskiya ya ɓace, aikin ya zame masa suna. Karatunsa bai yi nisa ba, amma a tsokana ya kai farfesa. Shi ne ya taɓa cusa ƙadangaren roba a aljihun farar rigar Dogo, mai sarrafa na'urorin ɗakin. Shi ne kuma ya yi wa Mai Gadi muryar mace a waya har sati biyu, bawan Allah ya je ya sayi sabuwar hula da turare.

Shugabar wurin, Dakta, mace ce marar yawan magana. Farauta take yi a cikin hanjin ɗan Adam. Akwai wasu ƙananan halittu a can da ido ba ya gani, bakteriya ake ce musu, da yawansu har yau ba a san su ba. Abin mamakinsu shi ne iskar nan da muke shaƙa guba ce a gare su, tana taɓa su sun mutu. Don haka a wani ƙaton akwatin gilashi ake kiwonsu, an zuƙe iskar cikinsa an ɗura gas daga tukunya. Ba a buɗe shi. Abin da zai shiga ko ya fita, ta wata 'yar ƙofa yake bi a gefe. A gabansa akwai safar hannu biyu na baƙar roba, dogaye har kafaɗa, manne da gilashin. Mai aiki ya zura hannu a ciki ya taɓa abin da zai taɓa. In ba kowa a wurin, gas ɗin ciki kan hura su su miƙo waje cak, kamar hannun jaririn da ke son a ɗauke shi.

Mutane kan kawo bahayarsu a 'yar roba mai murfi, da ɗuminta. A shafa a faranti, a jira kwana uku ko biyar, ɗigo-ɗigo su tsiro. Dogo ya tsinci kowane ɗigo, na'ura ta karanta shi, kwamfuta ta gwada shi da duk waɗanda duniya ta sani, ta faɗi danginsa da gidansu. In an duba an rasa gidansu, to sabo ne, sai a raɗa masa suna.

A faranti na arba'in da ɗaya wani ɗigo ya tsiro, baƙi ƙirin, yana sheƙi. Sau uku Dogo yana gwada shi.

"Dakta, wannan halittar ba ta da uwa ba ta da uba. Ko maƙwabci ba ta da shi a lissafin nan."

Aka yi ƙoƙarin raba ta a wasu faranti, ta ƙi tsirowa. Aka ɗebi kaɗan aka daskarar a firji don ajiya, ta mutu. A farantin nan kaɗai ta yarda ta rayu. Da aka duba lamba, sai aka ga robar Kwalba ce. Dakta, wadda ba ta murmushi sai da dalili, ta yi murmushi.

"Ka daɗe kana wahala da mu, Malam. Sunanka za mu sa mata. Sunanka na gaskiya, ba Kwalba ba."

Ranar bai taɓa ƙasa ba har ya isa gida. Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa autarsa, ita kuma autar ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa babanta zai shiga littafin masana.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, robar tasa ce, amma abin cikinta ba nasa ba ne.

Ga yadda aka yi. Ranar da aka ce ma'aikata ma su ba da nasu, Kwalba ya cika baki cewa shi zai fara kawowa. Ya shiga banɗaki da robarsa, ya yi minti arba'in, cikinsa ya ce bai san zancen ba. Dogo na ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko a kira masa ungozoma. Haushi ya sa ya sulale ta ƙofar baya, ya zaga bayan tsohon sito inda ba mai zuwa. Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa. A gindin bango ya ga wani tsibi, baƙi, yana tururi. Ko ƙuda ɗaya babu a kansa. Da mai hankali ne da wannan ya ishe shi. Shi kuwa dariya ta kama shi. Ya ce a ransa na kare ne ko na wani mai wucewa, bari Dakta ta sha wahalar bincike, ranar da ta gano sai ya kwashe da dariya. Ya ɗiba da cokalin roba, ya rufe, ya kai da gudu.

Da aka ce za a sa sunansa, sai ya haɗiye dariyar.

Wata uku ke nan da kwasar tsibin.

Wata rana da yamma, yana zaune a ƙofar gida yana gyaran takalmi, wayarsa ta yi ƙara. Dakta ce.

"Malam, an kawo sabuwar tukunyar gas a makare, an haɗa ta amma ba a juya makunni ba. Tsohuwar ta kusa ƙarewa. Kai ka fi kusa. Je ka juya kafin allurar ma'aunin gas ta taɓa ja, in ba haka ba komai na akwatin ya mutu, har da takwararka."

"An gama, ranki ya daɗe."

Matarsa ta leƙo. "Da magaribar nan? Ka bari a yi salla mana."

"Minti goma. Sa mini ruwan alwala."

Titin da ke bi ta bayan ma'aikatar ba kowa. Fitilun kan hanya ba su kama ba tukuna, sama ta yi launin toka. Jemagu na fitowa daga rufin tsohon sito. Kwalba ya kau da kai, ya ƙara sauri, yana fito da baki.

A bakin ƙofa ya tarar da Mai Gadi da buta a hannu.

"Yauwa, ga ka. Yanzun nan wani tsoho ya tambaye ka."

"Wane tsoho?"

"Gajere haka. Ban ga ta inda ya shigo ba, ban ga ta inda ya fita ba. Ya ce kana riƙe da kayansa."

Kwalba ya tsaya cak. Amma ya dubi fuskar Mai Gadi, ya tuna muryar mace, sai ya tuntsire da dariya.

"Ramuwa ce ko? Saboda hular nan? Kai da Dogo kuka haɗa? Ku sake shiri. Wanda ya koya muku tsokana ba za ku tsokane shi ba."

"Ni dai na isar da saƙo," in ji Mai Gadi, ya wuce abinsa.

Kwalba ya buɗe ƙofar gini, ya shiga dogon baranda. Ya ciro waya, ya buɗe guruf ɗin ma'aikata, ya danna ɗaukar murya ya kulle ta yadda za ta ci gaba da kanta.

"Jama'a, barkanku da yamma. Ga Kwalba a ɗakin bincike shi kaɗai da magariba. An ce wai wani tsoho na nemana. Dogo, in kai ne ka ɓuya a bayan firji, fito, na ga ƙafarka."

Ba wanda ya fito. Makunnin gas na son hannu biyu, sai ya jefa wayar a aljihun gaba, ya manta da ita.

Ɗakin na nan yadda ya bar shi. Firji na gurnani. Doguwar fitilar sama na zizar ƙudan zuma. Famfon da ke tura gas cikin akwatin na yin tak, ya huta, ya sake tak. Safar hannun nan biyu sun miƙo waje, yatsu a buɗe.

Ya durƙusa a gindin tukwane. Allura na dab da ja. Ya rufe tsohuwa, ya murɗa sabuwa. Gas ya yi huci, allura ta tashi. Shi ke nan, an gama.

Sai wari.

Kwalba ya san warin ɗakin nan kamar ya san sunan 'ya'yansa. Wannan daban ne. Ruɓaɓɓen ƙwai da jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani abu kamar ƙarfen da ya daɗe a rijiya. Sau ɗaya ya taɓa jinsa. A bayan tsohon sito.

Firji ya yi shiru.

Famfo ya yi tak. Bai sake ba.

"Sannu da aiki."

Muryar a hankali ta zo, kamar ana jan takarda a kan siminti.

Kwalba bai juya ba.

"Dogo," ya ce, "wasan ya isa."

"Ba Dogo ba ne."

Ya juya.

A kan doguwar kujerar Dogo wani tsoho ne zaune, gajere, ƙafafunsa na reto ba su kai ƙasa ba. Rigarsa launin toka, fatarsa launin toka. Hannu biyu ya dafe ciki da su. Kwalba ya dube shi, ya ƙara dubawa, yana neman abin da bai yi daidai ba. Sai ya gano. Ƙirjin tsohon ba ya motsi. Ba ya numfashi.

"Wata uku cikina bai zauna ba," in ji tsohon. "Kiwona ka kwasa. Tun kakana muke kiwonsu a ciki, ba mu taɓa rasa ko ɗaya ba. Na sauke su su huta, na juya baya, ka zo da cokali."

Kwalba ya buɗe baki. Ya nemi addu'a, ta zo rabi ta tsaya.

"Baba... ban san... wa ya ce ni ne?"

Tsohon ya ɗaga yatsa. Yatsan ya yi tsawo, ya fi na mutane da gaɓa ɗaya. Ya nuna cikin akwati, can lungu, inda faranti na arba'in da ɗaya yake.

"Fito mini da shi ta 'yar ƙofar nan. Ka sa mini a hannu. Na tafi, ba ka ƙara ganina."

"Ka ɗauka mana da kanka."

"Hannun da ya ɗauka, shi zai mayar."

Kwalba ya dubi farantin. Abu ne na minti biyu. Ya zura hannu, ya sa shi a 'yar ƙofa, ya miƙa, ya koma gida ya yi alwala. Gobe a ce faranti ya ɓace. A yi jimami. A manta. Ya koma Kwalba mai wanke kwalabe har ranar da za a sallame shi da agogon bango. Autarsa ta koma aji ta ce ashe ba a sa ba.

Wani abu ya taso masa daga ciki, mai zafi, ya ture tsoron gefe kaɗan.

Ya dafa tukunyar gas ya miƙe.

"Ba zan bayar ba."

Tsohon ya karkata kai.

"Na ce ba zan bayar ba! Eh, na kwasa. A bayan tsohon sito na kwasa, da cokalin roba, na zuba a robata. Sai me? Abin da mutum ya tsuguna ya zubar ya yi tafiyarsa, ya tashi daga nasa. Ko alƙali ka je haka zai gaya maka."

"Ka ce musu daga cikinka ya fito."

"Na ce! Gobe ma zan ce. Jibi ma. Shekara goma sha shida ina wanke ƙazantar mutane a ɗakin nan, ba wanda ya san sunana. Kai wa ya san ka? Kana da lamba? Kana da katin aiki? Tun kakanka kuke kiwonsu, ko suna kun sa musu?"

Fitilar sama ta yi fari, ta dushe, ta koma ja-ja.

Sai ƙarar roba. Ƙiii.

Ba daga wurin tsohon ba. Daga bayansa.

Safar hannun hagu ta lanƙwasa yatsa ɗaya.

Na biyu.

Ta juyo, a hankali, kamar mai lalube a duhu.

Kwalba ya ja da baya. Ya makara.

Ta cafke masa wuyan hannun dama.

"Wayyo Inna!"

Sanyi. Irin sanyin cikin firji, amma da ƙashi a ciki. Safar ta fara komawa cikin akwati, tana juyewa, tana haɗiye hannunsa. Yatsu. Tafi. Gwiwar hannu. Kafaɗarsa ta bugi gilashi, kumatunsa ya manne.

Hannunsa yanzu yana cikin akwatin, sanye da baƙar roba. Kuma wani hannu na riƙe da shi daga ciki.

Ba kowa a cikin akwatin.

Ya waiga da ido ɗaya. Kujerar Dogo ba kowa. Tana juyawa ita kaɗai.

"Ɗauka," in ji muryar, dab da kunnensa. Babu hucin numfashi tare da ita.

Ana jan hannunsa zuwa lungu. Faranti talatin da tara. Arba'in.

Kwalba ya dunƙule hannu.

"Buɗe."

"Ban buɗewa."

"Zan karya."

"Karya! Ina da na hagu!"

Ƙashinsa ya yi ƙara. Hawaye ya zubo masa, majina ta bi. Ana ɓanɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ya buɗe. Na kusa da shi ya buɗe.

A jikin gilashin, daga ciki, akwai 'yar takarda da Dakta ke liƙawa. Fara ce muddin ba iska a akwatin. In iska ta shiga, sai ta yi ja. Tana daidai hancinsa.

Gefenta ya fara ja.

Bakin safar ne ke buɗewa saboda ja-in-ja. In ta yage, ba farantinsa kaɗai ba, aikin Dakta na shekara huɗu ya tafi.

Yatsa na uku ya buɗe.

Dunƙulewa ba za ta yi ba. Sai hannun da kansa ya tuna abin da ƙwaƙwalwarsa ta manta. Kullum yana zura shi cikin manyan kwalabe masu ƙaramin wuya, kullum yana fito da shi. Ba da ƙarfi ake yi ba. A saki jiki. A kwantar da babban yatsa a tafi. A tsuke sauran. A murɗa rabi.

Ya saki jiki.

Riƙon ya yi sako-sako, kamar mai shi ya zaci an sallama.

Ya murɗa.

Gumi ya taimaka. Hannun ya sulɓe fit, hannun rigarsa ya yage ya zauna a ciki. Kwalba ya faɗi da baya, ya ture bokiti, kwalabe suka tarwatse.

Bai tsaya tashi ba. Da rarrafe ya kai ƙofa.

Nan ya kamata ya wuce. Amma Kwalba ne. Ya dafa ƙyaure, ya waiga.

Takardar na komawa fara. Famfo ya yi tak. Safar hagu ba ta fito ba. Tana can ciki, tafinta a kife a kan murfin faranti na arba'in da ɗaya.

"Ka gani?" Muryarsa ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. "Ban bayar ba!"

"Zan jira."

Baranda ta yi duhu. Ya ciro waya don ya kunna tocila, ya danna nan ya danna can. Wayar ta yi wani ɗan ƙara da bai kula da shi ba. Ya zura da gudu. Takalmi ɗaya ya bari a bakin ƙofa, Mai Gadi na sallame salla ya ga giftawarsa.

A gida ya ɓoye abin da ya faru. Matarsa ta tambayi hannun rigar, ya ce ƙusa ce. Ta tambayi takalmi, ya ce ya ba mabukaci. Ya kashe waya, ya yi salla a zaune, ya shige bargo. A wuyan hannunsa akwai shatin yatsu, baƙaƙe, dogaye. Ya wanke da sabulu sau bakwai, warin bai fita ba, hannun kuma bai yi ɗumi ba.

Amma da gari ya waye, ya ga rana, ya ji kukan motoci, sai ƙarfin hali ya dawo. Faranti na nan. Suna na nan. Ba wanda ya gani. Ya sa riga mai dogon hannu, ya shirya labari a hanya.

Yana buɗe ƙofar ɗakin bincike ya ga taro. Dakta, Dogo, Mai Gadi, masu shara biyu, direba, ɗalibai masu neman digiri, har da matar da ke buga takardu a ofishin ƙasa. Duk a tsaye. Ba wanda ya matsa kusa da akwati. Safar dama ta miƙo waje yadda ta saba. Ta hagu na nan ciki a kan farantin, da guntun hannun riga a maƙale.

Kwalba ya gyara murya.

"Yauwa, gara da kuka taru. Jiya Allah ne ya tsare ma'aikatar nan da hannuna. Ɓarayi uku, ƙarti, ɗaya da adda. Na farkon na ba shi kai a ƙirji..."

"Baba Kwalba," in ji Dogo, "ka kunna wayarka yau?"

"Me ya haɗa waya da ɓarayi?"

Dogo ya ajiye tasa a kan tebur, ya danna.

"Jama'a, barkanku da yamma. Ga Kwalba a ɗakin bincike shi kaɗai da magariba..."

Minti goma sha ɗaya ne saƙon. Mutum ashirin da shida ne a guruf ɗin, kuma duk sun saurara tun daren jiya, wasu sau uku.

Kwalba ya tsaya yana jin kansa. Hucin gas. Shiru. Muryar tsohon ba ta fito ba, sai gurbi kawai a inda ya yi magana. Tasa kuwa tar, kamar a gidan rediyo.

"Eh, na kwasa. A bayan tsohon sito na kwasa, da cokalin roba..."

Mai shara ɗaya ta toshe baki da gyale. Direba ya juya wa taro baya, kafaɗunsa na rawa.

"Na ce! Gobe ma zan ce."

"Ga goben ta zo," in ji Mai Gadi. "Faɗi mu ji."

Da aka kai wurin "Wayyo Inna" ɗakin ya fashe. Dogo ya mayar da wurin baya ya sake kunnawa. Matar ofishin ƙasa har da zama a ƙasa.

"Haɗi ne!" in ji Kwalba. "Wasa na shirya muku, kuka faɗa. Ba ku san ni ba ne? Ni kaɗai nake maganata, ku saurara, akwai wata murya?"

"Bari ya ƙare," in ji Dakta. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba.

Ƙarar roba. Fashewar kwalabe. Rarrafe. "Ka gani? Ban bayar ba!"

Sai kuma, dab da wayar, kamar mai maganar a cikin aljihun yake:

"Zan jira."

Dariya ta ɗauke. Ɗaliba ɗaya ta fara addu'a ƙasa-ƙasa. Dogo ya janye hannunsa daga wayar.

Dakta ta juya wurin Kwalba.

"Wata uku ina rubuta cewa daga hanjin mutum ta fito. Saura kwana tara in aika wa duniya ƙarya da sunana a kai." Ta ja numfashi. "Na ji ba ka bar safar ta yage ba. Shi ya sa kake da aiki har yanzu. Amma sunanka ya fita."

"Ranki ya daɗe, ai dai ni na kawo ta! Ba don ni ba wa zai san da ita? Ko rabin sunan a sa. Ko harafin farko."

"Ko ɗigo."

Ta buɗe durowa, ta ciro takarda da biro, ta turo masa a kan tebur.

"Dokar aikinmu ce, ba ma taɓa abin da ya fito daga cikin wani sai da yardarsa a rubuce. Wadda ka sa wa hannu ta ƙarya ce. Ga sabuwa. Ka san mai shi, ka san inda yake. Kai masa. In ya sa hannu mu ci gaba, in ya ƙi ka mayar masa da kayansa da hannunka."

Ido ashirin da wani abu a kansa. Kwalba ya ɗauki takardar. Ya danne ta a ƙirji. Ya ɗaga haɓa.

"Zan kai. Ni ba tsoronsa nake ji ba, jiya ma shi ya sha wuya. Sai dai aikin ofis yana son shaida. Wa zai raka ni bayan sito?"

Dogo ya dubi silin. Direba ya tuna bai duba mai a mota ba.

"Ba sai ka je bayan sito ba," in ji Mai Gadi, yana gyara zaman hularsa. "Tun da asuba yake zaune a kan bencina. Ya ce in gaya maka takalminka na wurinsa."